Allon da Iya Ta Wanke

Na san kun sha jin labarin nan a bakin baffanku Haruna, kuma na san yadda yake ba da shi. Duk sallar da muka je Kaikai sai ya tara ku a zaure ya ce muku ubanku ne mutum na farko a ƙasar Kusada da ya shayar da mahaifinsa karatun coci, ku yi ta ƙyalƙyala dariya kuna satar kallona, ni kuwa in yi kamar ban ji ba. Ba na jin haushinsa, shi tun muna yara in ya ɗauko labari sai ya zuba masa gishiri ya ƙara da yaji. Amma Haruna ba ya gari lokacin da abin ya faru, yana can gabas wajen karatu, kuma kullum a tsakiya yake tsayar da labarin, don ƙarshensa ba ya yi masa daɗi. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa ta hana ni yawo, na ga gara in rubuta muku shi da hannuna, daga fari har ƙarshe, kafin in tafi in bar ku da nasa.

Kakanku, Malam Salmanu, malami ne na zaure kuma manomi, mutum mai tsayi, marar yawan magana. Ban taɓa jin ya zagi yaro ba, amma in ya yi maka shiru sai ka gwammace ya ɗauko bulala. Mu biyu ne maza a wajensa, Haruna babba, ni ƙarami. Ranar da na yi sauka ya shiga ɗaki ya ɗauko allon mahaifinsa ya miƙa mini, wani tsohon allo na itacen aduwa da ya yi baƙi ya yi santsi saboda yawan wanki, gefensa ɗaya ya ɗan tsage an ɗaure da fata. Kowa ya ɗauka Haruna za a ba. Ni aka ba, kuma ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna. Sai kuma abubuwa suka juya. Aka sa ni boko da girmana, na gama, wani ɗan uwan Inna ya samo mini aikin masinja a kotu a Kankiya. Baba bai hana ni ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina tambayata inda na tsaya a karatu, kuma in na zo gida na shiga zaure gaisuwa, ba ya matsa mini gefen buzunsa kamar da. Sai in tsuguna a bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi lafiyar mutanen Kankiya, shi ke nan. Wanda bai san mu ba ba zai ga komai ba, amma ni abin yana cina.

A kotun nan na haɗu da Mista Bonifas, babban akawu, mutumin kudu, Kirista, gajere mai sanƙo, da tabarau ɗin da aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare. Ya daɗe a Kankiya har mahauta sun san irin tsokar da yake so. Yana jin Hausa sarai, sai dai har ya bar garin bai raba mace da namiji a magana ba, alƙali ma “ta ce” yake ce masa, kuma alƙalin ya gaji ya sallama. Da kuruciyarsa ya yi shekaru a makarantar da ake horar da limaman cocinsu, waɗanda ba sa aure. Sai ya haɗu da wata yarinya Rosa, karatun limanci ya tsaya nan. Abin da ya fito da shi daga makarantar shi ne Rosa da wani littafi mai yagaggen bango, wanda yake buɗewa kullum a gindin bishiyar bedi da ke bakin kotu lokacin hutun rana, yana karantawa yana cin gyaɗa. Wata rana da na kawo masa ruwa karambani ya sa na leƙa, na ce wannan Turancin ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya ce ba Turanci ba ne, Latin ne, yaren da masu shi suka mutu tuntuni suka bar shi, ba kasuwar da ake ciniki da shi yanzu, amma lauyoyi da likitoci har gobe suna ɗiba daga cikinsa, kuma Turancin kansa ya sha daga nan. Na ce to mene ne amfanin yaren matattu? Ya sauke tabarau ya dube ni.

“Isuhu, kai tana so ka mutu masinja?”

Na ce a’a.

“To zauna.”

Da tambaya ya fara, don ya ce duk shari’ar duniya tambaya biyar ce, sauran surutun lauyoyi ne. Quis, wato wa. Quid, me. Ubi, ina. Quando, yaushe. Cur, don me. Ya sa na haddace su rana ɗaya, sannan kullum in an tashi daga zama sai ya tsare ni a gindin bedi. In mutanen ƙauyen Sukuntuni ne suka zo rigimar iyakar gona, sai ya ɗaga yatsa ya ce “Quis?” in faɗi wanda ya kawo ƙara, ya ce “Quid?” in faɗi abin da ake rigima a kai, haka har mu kai cur, inda kullum nake tuntuɓe, shi kuma ya ce ba laifi, alƙalin ma nan take tuntuɓe. Daga baya ya nuna mini yadda ake manna wa kalma ɗan guntun wutsiya, ne, sai magana ta koma tambaya: laboras, kana aiki, laborasne, shin kana aiki? Ya nuna mini wasu kalmomi biyu, nonne da num, ɗaya ta mai tambayar da ke jiran a ce masa i, ɗaya ta mai jiran a ce masa a’a, ya gargaɗe ni cewa waɗannan na lauyoyi ne, mutumin kirki ba ya yawan aiki da su. Duk wannan ya shiga kaina ba wahala. Da muka zo juya aikatau ne kaina ya ɗau zafi. Kalma ɗaya, a ce aiki, sai ta yi ta canza wutsiya: laboro, ina aiki, laboras, kana aiki, laborat, yana aiki, laboramus, laboratis, laborant, mu da ku da su. Wannan na yanzu ne kawai, ga na jiya, ga na gobe, kowanne da nasa wutsiyoyi shida. In rubuta a takarda, in karanta, in kwana, da safe in tashi kaina fayau kamar an share. Mista Bonifas ba ya bari littafinsa ya bar ofis, kuma ba ya ɓoye takaicinsa. Sai ya buga littafin a cinya ya ce yaron da ya haddace littafi mai girma kamar namu, ta yaya kalma shida za ta kayar da shi?

Maganar tasa ce ta jawo komai, ko da yake bai sani ba. Na zauna na yi tunani, na ga gaskiya ne, ni ban taɓa haddace komai daga takarda ba. Kaina da allo ya saba: in rubuta da tawada da alƙalamin kara, in ɗora a cinya, in yi ta rerawa ina rangaji har ya zauna, in wanke, in ɗora na gaba. Kuma hannuna a kan allo ba ya tafiya daga hagu, ajami yake sani. Ban yi shawara da kowa ba, kuma a lokacin, wallahi, ban ga laifin abin ba. Na ɗauka allo katako ne, abin da ke kansa shi ne magana.

Daminar shekarar zazzaɓi ya kayar da Baba, irin wanda ke sa haƙora kaɗawa da rana tsaka. Aka aiko mini, na roƙi hutun mako guda, na karɓo ƙwayoyi a asibiti, na hau keke na tafi Kaikai. Na tarar gero ya kai gwiwa, ciyawa na neman cinye shi, Haruna ba ya nan, don haka noma ya dawo kaina. Baba yana shan ƙwayoyin, amma ba da son ransa ba. Shi ya saba in jikinsa ya ƙi daɗi ya yi wa kansa rubutu, a wanke ya sha, ga shi yanzu hannunsa ba ya iya riƙe alƙalami. Rana ta uku da safe, kafin in fita gona, na ɗauko allon kakanmu na zauna a ɗakina na rubuta laboro da ’yan uwanta da ajami, layi shida, na yanzu, na ƙara shida na jiya, na zuba musu wasali tsaf, har na ja layin ado a ƙasa yadda muka saba. Na jingine shi a bakin ƙofa don tawadar ta bushe, na saɓa fartanya na fita.

Ba ku riski Iya ba, mahaifiyar Baba. ’Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta zama wuri ɗaya, kuma a cikin jikokinta ni ne mijinta na wasa, kullum tana ƙorafin ban kawo cefane ba. Ba ta yi karatu ba, sai abin salla, amma ta haifi malami ta auri malami, ta san kamannin baƙi da wasali, kuma ta wanke allon da ya fi gashin kanta yawa. Da na dawo bayan azahar, allon na fara hangowa a tsakar gida, an jingine shi jikin turmi yana shan rana, fes, ba ɗigon tawada. Iya ta fito daga ɗakin Baba da ƙwarya a hannu tana washe baki.

“Sannu maigidana, sannu ɗan albarka! Kai da anka ce boko ta cinye ka? Ashe kana nan kana ma ubanka rubutu a ɓoye, kunya ta hana ka hwaɗi. To na ishe shi, na wanke, ya shanye tas.”

Na ce, “Iya, ya ga allon?”

“Ina ya ga allo, mutumin da ko kai ba ya ɗagawa? Cewa ya yi wa ya rubuta, na ce Isuhu. Ya yi bisimilla, ya kahwa kai.”

Da Baba ya ga allon nan ko da ido ɗaya, da layin farko zai gane ba aya ba ce. Bai gani ba. Kuma kamar da gangan, washegari zazzaɓin ya sauka, ya nemi kunu, jibi ya fito zaure da ƙafarsa. Ni na san kwana huɗu ke nan yana shan ƙwaya, amma wa zai faɗa wa Iya haka? Kafin in ankara ta kai labari bakin rijiya, ta kai gidan suna, ta kai gidan makoki. Mata suka fara gaishe ni da “Malam ƙarami”, tsofaffin da ke kallona a matsayin ɗan aiken Nasara suka fara miƙo mini hannu biyu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne ranar da zan koma Kankiya, na shiga zaure sallama na tsuguna a bakin ƙofa yadda na saba, sai Baba ya matsa gefe ya buga buzun da tafin hannu.

“Taho nan.”

Na je na zauna, kafaɗata na gogar tasa. Shekara huɗu rabona da wurin nan. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Ashe ba ka zubar ba.”

’Ya’yana, ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba, kuma ban san yadda zan kwatanta muku ɗacin ba, don tare suka zo. Abin da na yi shekara huɗu ina nema ga shi an ba ni, kuma ba nawa ba ne. Sai Baba ya ƙara da cewa wata mata ta taso tun daga wani ƙauye da ake kira Boko, ɗanta ba lafiya, ta ji labari, ya ce mata ta dawo Juma’a mai zuwa in na zo. Ya juyo ya tambaye ni wace aya ce na rubuta masa. Na ce rana ta yi, kada in makara, in na dawo za mu yi maganar. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na hau keke ina jin kaina ɓarawo.

Da na ba Mista Bonifas labari a gindin bedi, dariya ya yi har gyaɗa ta sarƙe shi, ya cire tabarau yana share hawaye, yana cewa shekara da shekaru malamansu na neman hanyar da za su zuba wa yara Latin a ciki, ashe a Kaikai dabarar take. Sai kuma dariyar ta ɗauke. Shi baƙo ne a garin, da mata da ’ya’ya, kuma ya fi ni sanin yadda zancen zai kasance in ya fita a karkace, a ce yaren cocinsa aka wanke aka ba malami. Na ce masa kada ya damu, na riga na samo mafita: Juma’a in rubuta wa matar ayoyi na gaskiya, in Baba ya sake tambaya in kira masa wata aya, ba wanda zai taɓa sani, shi ya tsira, ni na tsira. Ina jiran ya ce madalla. Sai ya ɗaga yatsa yadda yake yi in an tashi daga shari’a.

“Quis? Wa ta sha ruwan?”

Na ce Baba.

“Quid? Me tana tsammani ta sha?”

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

“Isuhu, ni ba malaminka na addini ba. Amma mutum ta buɗe baki ta sha abu don an ce kai ka rubuta. Ba ta duba ba. Kana gane? Ba ta duba ba.” Ya mayar da tabarau. “Je ka faɗa. In tana son ganina, ina nan gindin itace, ba na gudu.”

Makon nan ban ci abincin kirki ba. Kada ku ɗauka ni wani waliyyi ne, sau nawa ina yanke shawarar yin shiru, har na zaɓi ayar da zan kira. Abin da ya hana ni shi ne na san Baba zai ci gaba da matsa mini gefen buzu, kuma duk ranar da na zauna zan san kujerar sata ce.

Ranar Juma’a da hantsi na isa, aka ce yana gona, ya ƙi jin maganar Inna. Na same shi yana maimai a hankali, yana yi yana tsayawa. Na karɓi fartanyar, na yi kunya biyu don in tara ƙarfin hali, sannan na tsuguna a gabansa na ce rubutun da ya sha ba aya ba ce, kuma ba don shi na yi ba. Ya dube ni. Ya nemi gindin wani ƙaramin marke ya zauna, ya ce in matso. Abin da ya ba ni mamaki har yau shi ne yadda ya bi ni da tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar ya taɓa zama a gindin bedin nan.

“Mi ka rubuta?”

Na ce wani yare ne na mutanen da, Latin.

“Wa ya koya ma?”

Na faɗa masa.

“Ina?”

Na ce a kotu, lokacin hutun rana.

“Tun yaushe?”

Na ce tun bazara.

“Akwai sunan wani abin bauta a ciki?”

Na rantse babu. Ya ce to in karanto masa abin da ya sha, kalma kalma, da ma’ana. Na karanto, ina aiki, kana aiki, yana aiki, muna aiki, har ƙarshe. Na ga gefen bakinsa ya motsa, kamar dariya za ta ƙwace masa, sai ya danne. Sannan ya yi ta ƙarshen, wadda kullum nake tuntuɓe a kai.

“Don mi a allon ubana?”

Na ce kaina ne ba ya riƙe karatu sai da allo. Ya ce, a hankali, allon nan tun kafin a haife shi ba abin da ya taɓa hawa kansa sai maganar Allah, shi ya sa tsohuwa ta wanke ba ta tambaya ba, shi ya sa shi ma ya sha bai duba ba. Ya ce ba Iya ce ta yi kuskure ba. Ya miƙe ya karɓi fartanyarsa, ya ce in je in ɗauko allon in ajiye a ɗakinsa. Matar ƙauyen Boko da ta zo, shi ya yi mata rubutu da hannunsa, ya kuma ce ta kai yaron asibiti. Da la’asar da zaure ya cika, ya faɗa wa mutane da bakinsa cewa abin da Iya ta wanke darasin makaranta ne, ba laifin kowa ba ne, kada a ƙara kiran ɗansa da sunan da bai kai ba. Ina tsugune a bakin ƙofa aka yi wannan, kuma a nan na ci gaba da tsugunawa.

Iya ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Ta ce ita ba ta taɓa ganin miji irina ba, wanda zai bar matarsa ta gama yabonsa a bakin rijiya sannan ya kwance mata zani a kasuwa. Da ta huce kuma sai ta ƙi yarda an yi kuskure. Har ta koma ga Allah tana cewa:

“Ku ƙyale su, maigida. Ka rubuta muna aiki, ya sha, ya tashi ya kama aiki. Mi ya rage?”

Ranar kasuwa mai zuwa, ina tsaye bakin kotu, sai ga Baba da sandarsa, ya zo Kankiya ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ya ce in kai shi wurin mutumin. Mista Bonifas ya miƙe tsaye har littafi ya faɗi, ya ba shi kujerarsa, shi ya zauna a kan saiwa. Baba ya ce a buɗe masa inda ake koya mini. Aka karanto laboro, laboras, laborat, ya saurara da ido rufe, ya ce a maimaita. Sai ya ɗaga yatsu ya fara jero nasa na Larabci, nasara, nasaraa, nasaruu, yana lanƙwasa yatsa ɗaya ɗaya. Mista Bonifas ya zaro ido ya ce su ma Larabawa haka suke wahalar da yara? Baba ya ce fiye da haka, su har na mutum biyu suna da shi daban. Suka shafe fiye da awa guda, wannan ya juya kalma, wancan ya juya tasa, mutanen da suka zo shari’a suka kewaye su suna kallo. Da zai tafi ya ce wa Mista Bonifas wannan ai sarfu ne, ilimin juya kalma, kowace al’umma da nata, ba ya hana ni. Sai ya juyo gare ni.

“A takarda.”

Na ci gaba a takarda, kuma abin haushi, daga ranar ya fara zama, wataƙila tsoro ne ya buɗe kan. Na bar masinja na zama tafinta, na zama akawu, har na zauna a kujerar Mista Bonifas bayan ya yi ritaya ya koma garinsu da Rosa. Littafin nan mai yagaggen bango da kuke gani a kabad shi ya bar mini. Amma kada ku ɗauka an yafe an wuce kamar a tatsuniya. Allon bai dawo hannuna ba. Haruna ya dawo daga gabas da karatu mai yawa, ya zauna gefen buzu, kuma ya cancanta. Ni na yi aure, na haife ku, na yi furfura, in na je Kaikai a bakin ƙofa nake gaisuwa. Baba yana sona, ban taɓa shakka ba, yana ajiye mini sabon gero, yana ɗaukar ku a cinya. Sai dai wani lokaci in ina komawa a kan hanya nakan tambayi kaina ko da na yi shiru ranar nan da yanzu ina ina, kuma ba kullum nake jin na yi daidai ba.

Sama da shekara ashirin aka yi a haka. Yanar ido ta rufe wa Baba gani a hankali, har ya kai ba ya bambance mutum sai ta murya. Wata rana aka aiko cewa jikinsa ya motsa, yana nemana. Na bar ofis na tafi da rana tsaka. Na tarar da shi a zaure an jingina shi da bango, Haruna na gefensa, ga ɗalibansa manya, wasu da gemu, kowannensu ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na tsuguna a wurina na gaishe shi. Ya lalubo bayansa ya jawo wani abu a naɗe da tsohon rawani, ya warware. Allon ne, da tsagar nan da fatar nan. Ya miƙo shi wajen da ya ji muryata, ya ce in yi masa rubutu, ya faɗi ayoyin da yake so.

Na ce, “Baba, ga Yaya Haruna, ya fi ni hannu, ya fi ni sani.”

“Na sani,” in ji shi. “Kowa nan ya hi ka. Amma ni yanzu ba ni gani. Ina son wanda in ya rubuta wani abu daban zai zo ya hwaɗa mani.”

Ya matsa gefe ya buga buzun da tafin hannu. Na tashi na je na zauna. Na tsoma alƙalami, amma sai da na kau da kai gefe, don kada hawaye ya ɗiga ya ɓata tawadar. Na rubuta, na karanta masa da ƙarfi baƙi da wasali, na wanke da hannuna, ya yi bisimilla ya sha bai tambayi kowa komai ba. Daga ranar har ya rasu, duk Juma’a ni nake zuwa in yi masa.

Allon shi ne wanda ke rataye a ɗakina bayan ƙofa, wanda nake hana ku taɓawa tun kuna yara ba tare da na faɗa muku dalili ba. In baffanku ya sake tara ku ya ba da labarin, ku yi dariyarku, abin dariya ne, ni ma ina yi. In ya kai inda yake tsayawa, ku ce masa Baba ya ce a ƙarasa.